Yadda Ake Raba Gammon Murjani da Gansakuka a Tankin Ruwan Gishiri

Mu masu kiwon murjani, wato halittar teku mai rai da ake renonta a tankin ruwan gishiri, a Katsina ba mu da yawa, in aka tara mu tabarma ɗaya ta ishe mu, amma tambayar da ake yi mini kullum ɗaya ce. Mutum ya sayo ɗan reshen murjani daga Legas, ya biya kuɗin jirgi, wani lokacin ma sai ya je har Kano ya karɓo shi a cikin kula, ya iso da ransa. Bayan sati biyu ko uku sai ga koren gashi ya tsiro a jikin abin da aka manna reshen a kai, yana hawa yana neman shaƙe shi, to yaya za a raba su? Na amsa a waya, na amsa a zaure, har na ga gara in rubuta a jere yadda nake yi a nawa tankin mai lita 200.

Abin nan da ake manna reshen a kai, mai faɗin kai kamar babban maɓalli da 'yar ƙafa a ƙasa, masu sayarwa filog suke ce masa. Ni gammo nake kiransa, don aikinsa ke nan, a ɗora masa kaya. Da tangaran ake yin sa, ko da siminti da aka cuɗa da yashin teku. Gansakuka ta fi fara kama shi kafin duwatsun tanki saboda fili ne da babu mai shi: jikinsa kaushi, babu wani abu da ya riga ya zauna a kai, ga shi kuma mu da kanmu muke kai shi inda haske ya fi ƙarfi. Sau da yawa ma da irinta ya zo daga tankin mai sayarwa, ido ne bai gani ba.

Kayan da za ka tanada

Buroshin haƙori sabo, wanda man goge baki bai taɓa hawa ba. Matsefata. Reza sabuwa. Sirinji mai cin mil 5 ko 10, a cire allurar. Audugar goge kunne mai tsinke. Haidirojin na wanke ciwo daga kemis. Sufa gulu mai kauri, wanda ake ce wa jel, ban da mai ruwa-ruwa. Filaya mai yanka. Robobi uku masu tsabta waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba. Safar hannu ta roba da tabarau. Sai kayan awo: na naitiret da na fosfet (sinadarai biyu da ke zama taki ga gansakuka), mitar TDS mai auna narkakkun abubuwan da ke cikin ruwa, da ma'aunin gishiri.

1. Fara sanin wace iri ce

Nan mutane suka fi yin garaje. Duk abin da ya yi kore ko ja a ruwa gansakuka muke ce masa, amma maganinsu ba ɗaya ba ne, wani ma in ka yi masa maganin ɗan'uwansa ƙara masa ƙarfi ka yi. Ka kashe shuɗin fitilar tanki, ka haska gammon da farar tocila ta waya, ka duba da kyau.

In ƙura ce ruwan ƙasa mai kama da garin kuka da ya tsufa, ka shafa ta tashi, to dayatom ce. Silika, sinadarin da ke cikin yashi, take ci, ta fi fitowa a sabon tanki ko sabon gammo, kuma takan tafi da kanta cikin 'yan makonni in ruwan da kake ƙarawa mai kyau ne. Wannan ba ta cancanci tashin hankali ba.

In koren gashi ne mai laushi, siriri, yana kaɗawa da ruwa, ita ce gansakukar gashi, wadda ta fi damun kowa. Amma ka tsigo zare ɗaya ka shimfiɗa a farar takarda. In ka ga zaren yana da ƙananan rassa hagu da dama kamar gashin kaza, to ba ita ba ce, Bryopsis ce, kuma wannan ta fi taurin kai, don tana tura saiwa cikin ramukan gammon. Ka goge sama, ta fito daga ƙasa.

In ƙananan ƙwallaye ne kore masu sheƙi kamar duwatsun wuya, Valonia ce. In jan mayafi ne ko ruwan hanta mai santsi, wanda kake iya ɗagawa gaba ɗaya kamar fatar madara, wannan ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira sayano, suna son inda ruwa ya kwanta da datti. In kuwa majina ce ruwan ƙasa mai zare-zare da kumfa a maƙale, ta yi yawa da rana ta ragu da dare, daino ce. Ita daino akasin sauran take: ta fi bayyana a tankin da aka tace har naitiret da fosfet suka koma sifili, kuma wasu ire-irenta suna kashe dodon koɗi.

Sai ta ƙarshe, tabo mai tauri ruwan hoda ko shunayya, wanda farce ba ya ɗagawa. Koralin ke nan. Kada ka taɓa ta. Ita muke roƙon Allah ta mamaye gammon, domin inda ta zauna koren gashi ba ya samun wurin kafa ƙafa cikin sauƙi.

2. Kare kanka kafin ka sa hannu

Cika robobin nan uku da ruwan tanki: ɗaya ta goga, ɗaya ta ɗauraya ta farko, ɗaya ta ɗauraya ta biyu. Wanke hannu da ruwa zalla, har gwiwar hannu, don man shafawa da turare guba ne ga murjani. Sa safar hannu, sa tabarau.

Gargaɗi: murjanin nan masu kama da ƙananan furanni, zowa da pali, wasunsu suna ɗauke da guba mai suna palitoksin, tana cikin mafi ƙarfin guba da aka sani a halittu. In aka matse su sukan tsarto ruwa, in ya shiga ido ko ciwon hannu asibiti za a kwana. Kada ka taɓa zuba wa gammo ko dutsen da suka zauna a kai ruwan zafi, kada ka dafa, kada ka ƙona, don tururin na iya kwantar da duk mutanen gida. A kori yara daga wurin, a kuma zubar da ruwan robobin a masai, kada a zuba a tsakar gida inda kaji ke kiwo.

3. Fito da gammon waje, ka tsige, ka goge

Waje na ce. Kuskurena na farko ke nan, kuma har yau ina jin haushinsa. Ina da wani gammo mai zowa kawuna goma sha ɗaya, lemo da kore, gashi ya kewaye su. Ƙyuya ta hana ni ɗauko roba, sai na zura hannu na goge shi tas a cikin tanki, na ja baya ina kallon aikina. Kowane ɗan guntun da ya tashi a ruwa iri ne. Kafin wata ya ƙare, gashin da ke kan gammo ɗaya ya koma kan duwatsu huɗu. Gyaran gangar Auzinawa.

To ka ɗauko gammon ta ƙafarsa, ka sa a robar farko, ka ɗan kaɗa shi har murjanin ya rufe kawunansa ko ya janye namansa. Da matsefata za ka fara: kama gashin daga tushe, ka murɗa, ka ja. Wanda ya shiga tsakanin kawuna, a hankali, zare ɗaya ɗaya. Ƙwallayen Valonia kuwa, ka tura bakin matsefata ƙarƙashinsu ka ɗaga su da ɗan tushensu. Ko ɗaya ya fashe a roba ba komai, ai ba a tanki kake ba.

Daga nan buroshi. Goga daga gindin murjanin zuwa waje, kada ka goga zuwa cikinsa. Gefen gammon, ƙarƙashinsa, ƙafarsa, duk ka bi, don ƙarƙashin ne maɓoyarta. Abin da ya ƙi buroshi, kankare shi da reza, ka ɗebe har da ɗan saman gammon. Ranar da Hajiyarmu ta iske ni a tsugune da tabarau ina wannan aikin, tsayawa ta yi ta ce, "Yanzu kai dutse ma sai ka yi masa asuwaki?" Na ce, "Hajiya, ai mai rai ne." Ta ce Allah ya kyauta, ta wuce.

Gargaɗi: buroshi ko reza kada su taɓa naman murjani. Inda nama ya yage, farin ƙashi ya bayyana, nan ne gansakuka za ta fara sauka gobe.

4. Ɗiga haidirojin

Hannu yana cire abin da ido ya gani, haidirojin yana ƙone abin da ya rage a ramuka. Kafin komai karanta jikin kwalbar. Mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 muke so. Da yawa daga na kemis ɗinmu kashi 6 ne, in shi ka samu, haɗa shi rabi da rabi da ruwan RO, wato ruwan da na'urar tacewa ta RO ta tsabtace (duba mataki na 7). In kwalbar ta daɗe a buɗe, gwada ɗigo ɗaya a kan gansakukar da ka tsige: in bai yi kumfa ba, ya zama ruwa, sayo wata.

Ɗaga gammon daga ruwa, ka karkata shi yadda murjanin zai kasance a sama, duk abin da ya gangaro ya bi ƙasa. Da sirinji ka ɗiga a ƙafa da ƙarƙashi da gefe. Wurin da ya matso kusa da nama, ajiye sirinji ka ɗauki auduga mai tsinke, ka jiƙa ta ka dangwala. Za ka ji ƙaramin sauti, ka ga farin kumfa. Ba shi minti biyu zuwa uku, ka duba agogo, kada ka ƙiyasta. A tsakanin nan ka riƙa ɗiga wa murjanin ruwan tanki da yatsa don kada ya bushe, musamman da hunturu da iska ke shanye komai nan take. Kashe fanka yayin aikin.

Gargaɗi: murjani ba su yi daidai wajen jure haidirojin ba. Zowa suna da fata mai kauri, in suka rufe kai, ko ya ɗan taɓa su sukan yi fushi kwana biyu su buɗe. Masu ƙashi da siririn nama irin su Acropora da Montipora ɗigo ɗaya na iya barin musu farin tabo. Na ga masu tsoma gammo dungurungum cikin haidirojin har da murjanin. Ga zowa wasu suna tsira da hakan in an tsarma shi sosai, amma sabon shiga kada ya fara daga nan, garin neman gira a rasa ido.

5. Ɗauraya, toshe, mayar

Kaɗa shi a roba ta biyu, sannan ta uku. Duba saman gammon. In akwai rami ko tsaga kusa da gindin murjanin inda ka san saiwa ta shige kuma ba ka iya kaiwa, tsane wurin da takardar tishu ka shafe shi da sufa gulu. Gulun yana daskarewa da ya taɓa ruwa, ba ya cutar da tanki, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ya rabu da haske ke nan.

Mayar da shi ƙasa kaɗan da inda yake a da, wurin da ruwa ke motsi sosai. Washegari ko jibi ragowar gashin zai koma fari ko toka, ya zube. Sake dubawa bayan kwana bakwai. In ka ga sabon tsiro, maimaita mataki na 3 da na 4 tun yana gajere. Kada ka yi wa gammo ɗaya haidirojin fiye da sau ɗaya a sati.

6. In ta dawo sau biyu, rabu da gammon

Wannan shi ne matakin da mutane ba sa so, kuma a wurina shi ya fi duka aiki. Gammo ba shi da daraja, murjanin ne kuɗinka. Ni yanzu duk reshen da ya zo mini daga waje, in dai zai ciru, ranar da ya iso nake raba shi da gammon mai sayarwa, ko da kuwa yana ƙyalli.

Mai ƙashi mai reshe: kama da filaya ka datse shi sama kaɗan da tsohon gulu, ka bar gindin ya tafi da gammon. Wanda aka manna a kwance: zura reza tsakanin gulu da gammo, ka ɗan murɗa, yakan ɓalle gaba ɗaya. Zowa da suka shimfiɗu: bi ƙarƙashin tabarmarsu da reza, kana yankar saman gammon, kada ka yanki tabarmar. In murjanin ya riga ya malale kan gammon ba ya ciruwa, gutsire duk gefen da babu nama da filaya, ka datse ƙafar, abin da ya rage ka shafe shi da gulu.

Tsane gindin reshen, ɗiga gulu kamar ƙwayar wake a sabon gammo, dasa, riƙe daƙiƙa talatin, tsoma a ruwan tanki ya kama, sannan ka mayar.

Gargaɗi: murjani masu laushi marasa ƙashi, irin masu kama da naman kaza da masu kama da fata, gulu ba ya riƙe su, majina suke fitarwa su sulluɓe. Su ana ɗora su ne a kan tsakuwar tanki cikin ƙaramar roba, a rufe da raga, a bar su sati ɗaya ko biyu su kama da kansu, sai a manna tsakuwar.

7. Auna ruwanka

Gammo ɗaya da gashi, matsalar gammo ce. Gammo uku da gilashi da duwatsu, matsalar ruwa ce, kuma duk gogar da za ka yi ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba.

Abin da nake nema a tankina: naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1 (duka biyun miligiram a kowace lita), gishiri 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni. Amma awo yana yaudara. Tanki na iya cika da gashi, fosfet ya nuna sifili, domin gansakukar tana shanye shi kafin ya zauna a ruwa. In ido ya ga daji, awo ya ce babu taki, ido ne mai gaskiya.

A nan garin, tushen matsalar mafi yawanmu ruwan da muke haɗa gishiri da shi ne. Ko na famfo ne daga Ajiwa, ko na burtsatse, ko na 'yan garuwa, ruwa ne da mutum zai sha lafiya, amma yana ɗauke da narkakkun abubuwa, silika da naitiret da sauransu, waɗanda ga gansakuka taki ne. Kullum ruwan tanki yana tashi sama a tururi, su kuma suna nan, ka ƙara wani ruwan su ƙaru. Wani ƙanena da ya fara kiwo bara ya rantse mini fiya wata kawai yake zubawa. Na ce, "Kawo leda ɗaya mu gani." Muka tsoma mitar TDS, ba ta nuna sifili ba, ko kusa. Ya ce, "Yaya, ai ruwan tsaf yake." Tsaf a ido daban, tsaf a mita daban.

Mafita na'urar RO ce mai matatar DI a ƙarshe, wato matata mai wani gari da ke kama ragowar narkakkun abubuwa, ruwan ya fito TDS 0. Da ya fara nuna 1 ko 2, canza garin DI. In ruwan gidanka daga tankin sama yake gangarowa, ƙarfinsa ba zai ishi na'urar ba, sai an haɗa mata ƙaramin famfon ƙarin ƙarfi. Tana kuma zubar da kusan lita uku zuwa huɗu kafin ta ba ka lita ɗaya mai kyau, don haka sa jarka ka tare, a yi wanki da ban ruwan shuka. A Katsina ba a zubar da ruwa.

Sauran gyaran: canza kashi 10 cikin 100 na ruwan tanki duk sati, kana zuƙe dattin da ya kwanta. Rage abincin kifi zuwa abin da za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Wanke ko canza audugar tacewa duk kwana biyu zuwa uku. In fosfet ya ƙi sauka, akwai jan garin ƙarfe da ake kira GFO mai kama shi.

Gargaɗi: fara GFO da rabin abin da aka rubuta a jikin roba. Fosfet ya faɗi da sauri, murjani ya kwaɓe ya yi fari, ya kai sifili kuma daino ta shigo. Wanda ya taɓa yaƙi da daino zai gaya maka koren gashi ɗan'uwa ne.

8. Haske, zafi, ƙura da wuta

Ba za ka iya kashe fitila ka huta ba, don murjanin ma da wata ƙaramar gansakuka da ke cikin namansa yake rayuwa, ita ke haɗa masa abinci daga haske. Abin yi shi ne tsari: awa takwas zuwa tara a rana, lokaci ɗaya kullum, a rage farin haske a bar shuɗi ya fi yawa. Tankin da ranar taga ke dukansa ko na awa ɗaya ne, a sa labule mai kauri.

Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Da bazara, Afrilu da Mayu, garin nan yana haura 40, ruwan da ya kai 30 kuma murjani zai fara fari, namansa ya ja baya daga gindi, gansakuka ta hau ƙashin da ya bari. Fanka ƙarama da ke hura saman ruwa tana sauke digiri biyu ko uku. Ranar da abin ya ɓaci, gorar ruwan RO da ta daskare a firiza, a rufe da kyau a jefa ta ciki. Amma fanka tana ƙara tashin ruwa, don haka kullum ka cike gurbin da ruwan RO zalla. Kada ka cike da ruwan gishiri, ai gishirin bai tashi ba.

Da hunturu kuma ƙura ce. Hazon nan da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tafki ne, ƙurarsa cike da silika da fosforas, har tsallaka teku take yi ta zama taki ga dajin Amazon. To ka ga abin da ke sauka a buɗaɗɗen tankinka. Rufe tagogi, ɗora murfin gilashi ka bar 'yar kafa ta iska, ka kuma jona hita don sanyin asuba.

In an ɗauke wuta, fitila na iya jira, motsin ruwa ba ya jira. Famfon da ke kaɗa ruwa wat kaɗan yake ci, shi za ka fara ɗorawa a kan inbata ko sola.

9. Kawo masu kiwo

Dodon koɗin teku irin Trochus su ne ma'aikatan da na fi yarda da su, suna hawa gammo su lashe shi, in sun kife kuma suna iya juyawa da kansu. Turbo sun fi ci amma ƙarti ne, suna ture duk gammon da ba a kafe ba. Doguwar gansakuka ba sa taɓa ta, sai ka yi musu aski sun bi saura. Fara da kamar biyar ko shida a lita 200, don in ka cika su, abinci ya ƙare, yunwa ta kashe su, gawarsu ta koma taki.

Gargaɗi: maganin sauro na fesawa da duk maganin kifi mai tagulla a ciki suna kashe dodon koɗi da jatan lande da murjani. Ɗakin da tanki yake ba a fesa masa komai. A gaya wa duk mutanen gida, kada a bar shi a cikin mai tanki kaɗai.

10. Bryopsis da ta bazu

In ta tsallake gammo ta kama duwatsu, hannu ba zai iya ba. Masu kiwo sun daɗe suna amfani da filukonazol, maganin nan na ƙwayar fangas da ake samu a kantin magani. Awon da aka saba kusan miligiram 5 ne a kowace lita. Lissafa ainihin ruwan da ke ciki, ka cire abin da duwatsu da yashi suka cinye: tanki mai lita 200 wataƙila ruwansa 160 ne, wato miligiram 800, kafso huɗu masu 200. Buɗe kafson, narka garin a kofin ruwan tanki, yar da ɓawon. Cire gawayin tacewa, kashe sikima, na'urar da ke fitar da datti da kumfa, na kwanakin farko, zuba sau ɗaya. Kwana 14 ba canjin ruwa. Cikin sati na farko za ka ga bakin gashin ya fara fari. Bayan nan canza kashi 20 zuwa 30 na ruwa, mayar da gawayi.

Gargaɗi: gansakukar da ta mutu tana sakin duk takin da ta ci, don haka ka riƙa auna naitiret da fosfet, ka zuƙe matacciyar da ta saki. Ga sayano da daino da dayatom wannan magani ba ya komai, kada ka ɓata kuɗinka.

11. Shirya gammo kafin a dasa

Tsoffin gammon da babu komai a kai, jiƙa su a bilic marar ƙamshi, Hypo ko Jik, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, kwana ɗaya. Ɗauraya sosai, shanya a rana kwana biyu ko uku har warin ya ɓace ƙaf, ranar Katsina ta iya wannan aikin. Sai a jiƙa a ruwan RO kwana ɗaya. Kada ka haɗa bilic da binega ko wani asid, iskar da ke tashi tana illata huhu.

In da siminti ka haɗa naka a gida, sai ya kwana a ruwa sati huɗu zuwa shida ana canzawa, in ba haka ba zai tayar da pH, wato ruwan ya yi kaifi irin na kanwa, ya ƙone gindin reshe. Kowane iri ne, sabo ko wankakke, jefa shi a lungun tanki mai duhu sati biyu ko uku kafin ka dasa, ya yi ɗan santsin bakteriya a jiki, kada ya fito haske fari fat.

Inda kuɗin yake

Aikin gammon kansa arha ne: buroshi, reza, sirinji, haidirojin da gulu duk a kemis da shagon unguwa suke, gaba ɗayansu ba su kai kuɗin reshe ɗaya mai arha ba. Abin da ke cin aljihu uku ne, kuma duk farashinsu dala yake bi: na'urar RO da garin DI, kayan awo, da gishiri. Lita ɗaya tana cin gishiri wajen giram 35 zuwa 38. Canjin lita 20 a sati ke nan kusan giram 750, bokiti mai kilo 20 ya kai ka wajen wata shida. Gishirin miya ko na kanwa ba ya maye gurbinsa. In kuɗin bai isa duka a lokaci ɗaya ba, RO za ka fara saye, kafin ma ƙarin reshe ko sabuwar fitila.

Zowan nan nawa masu kawuna goma sha ɗaya, bakwai ne suka rage lokacin da na ɗaga su da reza na mayar kan sabon gammo. Wajen wata biyu bayan nan na ga tabo ruwan hoda kamar ƙwayar gero a gefensa, sai na biyu kusa da shi. Na bar buroshi. Da kawunan suka kai bakin gammon suka fara leƙowa ƙasa, na datse ƙafar da filaya, na ɗiga gulu, na manna shi a kafaɗar babban dutsen da ke hagu, inda famfo ke bugawa.